Motar Limber Ko Jirgin Grover

"Tambaye shi, Delma. Ga shi nan a gabanki. Tambaye shi inda yake ranar da babanki ya mutu."

Delma ta tsaya cak a ƙofar gidan burodin da take aiki, kwandon da ta goya da mayafi yana danne mata baya. Gari bai gama wayewa ba, sanyin El Alto yana yankan kunne.

A damanta tasi ce da inji a kunne, Grover ya jingina da ita cikin doguwar kwat, tikitin jirgin sama biyu a hannunsa. A hagunta ƙaramar farar bas ɗin Limber ce, cike da fasinja, kujerar gaba kaɗai babu kowa. Ita aka ajiye wa.

"Grover, ba na son wasa da sassafe."

"Wasa? Dubi fuskarsa ki gaya mini ko wasa nake."

Ta duba. Da ta sani da ba ta duba ba...

Limber, mutumin da ko taya ta fashe masa a tsakiyar daji dariya yake yi, ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

Yau ce ranar matattu. Da rana ta raba suke saukowa gidajensu, su ci abin da aka girka musu, su kwana, gobe a raka su. Wannan ce shekarar farko ta mahaifinta Don Anacleto, kuma duk wanda ya taɓa binne nasa ya san cikin teburan abincin da ake shirya wa mamaci babu wanda ya kai na shekarar farko nauyi. A can Cochabamba mahaifiyarta, Doña Casilda, ta kwashe kwanaki tana girki. Abin da ya rage a ɗora shi ne wanda ke bayan Delma: mutumin burodi da ta gasa da hannunta, har da gashin baki irin na Baba, da tsanin burodin da zai taka ya sauko. Dole su hau tebur kafin ƙararrawar coci ta buga tsakar rana. Aiki ne ya riƙe ta har yau, don a makon nan duk El Alto a bakin tanda take kwana.

Hanya biyu ce daga nan zuwa gida. Akwai jirgi, wanda kafin kununka ya huce ka sauka. Akwai kuma titi, wanda ke hawa duwatsu ya gangara, ya cinye maka safiya ɗungurungum. A kan titin nan Baba ya rasu bara, cikin bas irin wannan, yana komawa gida bayan ya zo ganin Delma. Tun ranar Doña Casilda ta rantse 'yarta ba za ta sake hawansa ba, kuma ba za ta ba direba 'yarta ba ko da shi kaɗai ya rage namiji a ƙasar.

Shi ya sa ta turo Grover, ɗan aminiyarta, mai shagunan waya a kasuwa, mutum mai ƙamshi da ladabin da ba ya wuce inda manya ke kallo. Ita kuwa Delma ta riga ta ƙulla a ranta cewa yau da Limber za ta shiga gida, Mama ta gan shi ido da ido, abin da zai faru ya faru.

Ga shi tun ba a tashi ba abin ya fara faruwa.

"Tsere suke yi," in ji Grover, yana gyara wuyan kwat. "Shi da direban da ya jefa babanki rami. Duk tasha an sani, ke kaɗai ce ba ki sani ba. Wata da watanni yana zuwa yana miki murmushi, ke kuma kina zuba masa gyara."

"Limber..."

"Ina wurin, Delmita."

"Kada ka kuskura ka ce mini Delmita."

"Ina wurin. Amma ba yadda ya faɗa ba ne."

"To yaya ne?"

Ya waiga. Fasinjojinsa duk sun manna fuska a gilashi, an samu kallo kyauta.

"Ba a nan ba, don Allah."

Grover ya yi 'yar dariya. "Kin ji ko? Jirgi dai ba ya jiran kowa. Kuma Mama Casilda ta ce in faɗa miki, idan a motar mutumin nan kika zo, kada ki wahalar da hannunki wajen ƙwanƙwasa mata ƙofa."

Delma ta dubi tasin. Idan ta shiga, shi ke nan. Za ta isa a kan lokaci, Mama ta rungume ta, ta kuma ƙare rayuwarta ba ta san ko mutumin da take so da hannunsa a mutuwar ubanta ba. Ta dubi bas ɗin. Tun bara ko hoton titin nan ba ta iya kallo.

"Wurin da abin ya faru, kan hanyarmu yake?"

"Kan hanya yake," in ji Limber.

"Ka san shi?"

"Na fi sanin sa da ɗakin da nake kwana."

"To ka kai ni. A can za ka faɗa mini, a gaban inda ya faɗi. Idan abin da Grover ya ce gaskiya ne, a nan zan sauka in nemi wata mota, kuma kai da ganina har abada."

Fuskar Grover ta canza. Ya miƙo hannu wajen kwandon.

"Kin haukace. Aƙalla ba ni burodin in kai shi a kan lokaci."

A gaskiya wannan ita ce magana guda mai ma'ana da ta fito daga bakinsa duk safiyar. Amma taurin kai gadon gidansu Delma ne, ta wajen uwa da ta wajen uba. Ta ja da baya.

"Ni na gasa shi, ni zan kai shi."

Ta buɗe ƙofar gaba ta shiga, ta ɗora kwandon a cinya, ta juya wa direba ƙeya.

Suka fita daga gari rana na leƙowa. Fili ne shimfiɗe iya ganinka, busasshiyar ciyawa, tumaki, duwatsu masu farin kai daga nesa. A gaba Delma ta kafa wa tagar gefenta ido. A baya kuwa wata tsohuwa mai tauna ganyen koka, wanda mutanen duwatsun nan ke taunawa kamar goro, tana ta ba maƙwabcinta labarin mijinta da ya fi shekara goma a ƙasa amma har yau idan miya ta yi gishiri sai ya zo mata a mafarki.

Da suka fara hawa, karnukan titi suka soma bayyana, kowane zaune a bakin kwalta, nesa da ɗan'uwansa, yana bin mota da ido. Limber ya zuge gilashi, ya zaro busasshen burodi daga leda yana jefa musu. Direbobin titin nan suna cewa rayukan waɗanda hanya ta ci ne, duk wanda ya wuce su da rowa bai so kansa ba.

Delma ta runtse ido. Da wannan burodin ya shigo rayuwarta. Wata safiya ya tsaya a gaban kantarta, dogo, duk ya daburce, ya buɗe baki ya rufe, sannan ya ce a ba shi na jiya, na karnuka. Washegari ya dawo. Jibi ma haka. Har ranar da ta ce masa, "Malam, karnukan nan naka ba sa ƙoshi ne?" ya yi dariyar da ta tafi da ita gida ta kwana da ita. Ashe duk wannan zuwan da abin da yake ɓoyewa.

"Kin sha wani abu da safen nan?" ya tambaya a hankali. "Akwai kunun masara a fulas."

"Kalli titi."

Ya kalli titi.

Can saman dutse gajimare ya sauko ya kwanta musu a kan kwalta, fari fat, ko hancin motar da ƙyar ake gani. Sai kuma ga tirela a gabansu, maƙare da siminti, tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Dama dutse ne, hagu kuwa babu komai sai rami. Wayar Delma ta daina samun layi. Ta duba lokaci, ta sake dubawa.

Wata bas ta zo ta bayansu da hon, ta fita hannun da ba nata ba, ta shige cikin farin ta ɓace. Wata ta biyo ta.

"Direba," wani mai jar hula ya ɗaga murya daga baya, "mu ma fa da matattun da ke jiranmu. Ko so kake sai sun ci sun wanke hannu?"

"Ai da ma an gaya mini Kunkuru ake ce masa a tasha," in ji wata. "Ni ce da ƙaddara na hau."

"Kunkuru ma ai yana motsi."

Limber ya ci gaba da bin bayan tirelar. Hannunsa biyu a kan sitiyari, jijiyar wuyansa ta miƙe.

Delma ta daure, ta daure, har ta kasa.

"Wuce shi."

"Ba na ganin gabana."

"Wasu suna wucewa."

"Wasu ke nan."

"Limber, dubi lokaci. Na ƙi jirgi, na ƙi ba da kwandon, duk saboda kai. Idan rana ta raba ina kan titin nan, teburin Baba babu tsani, Mama ba za ta yafe mini ba. Kai kuwa ko gaskiyarka ta kai wace iri, ka rasa ni ke nan. Ka gane?"

"Na gane."

"Ka gane, kuma kana tafe kamar mai rakiyar gawa?"

Bai dube ta ba.

"Gara in rasa ki kina numfashi, masoyiyata."

Ta so ta zage shi. Ta so kuma ta kifa kai a kafaɗarsa ta yi kuka. Ba ta yi ko ɗaya ba, ta dai ƙanƙame kwandon tana jin haushin kanta, tana jin haushinsa, tana kuma son sa kamar ranta zai fita, wanda shi ne ya fi komai ba ta haushi.

Haka suka bi bayan tirelar nan har titi ya soma gangara, hazon ya yage, kwarin ya buɗe a ƙasa kore shar. Rana ta kusa tsayawa a tsakiyar kai. Cochabamba kuwa da sauran tafiya mai nisa. An riga an makara, kowa a motar ya sani.

Limber ya rage gudu, ya gangara gefe a bakin wata kwana mai kaifi, ya kashe mota.

"Mun zo."

"Yau na ga ta kaina," in ji mai jar hula. "Har da tsayawa?"

Delma ta sauka da kwandonta. A bakin ramin akwai ɗan ɗaki na siminti, irin wanda ake gina wa wanda hanya ta ci, tsayinsa bai wuce gwiwa ba. An shafe shi da shuɗin fenti. Ga gicciye da sunan Baba, ga furanni a cikin gwangwani, ko bushewa ba su yi ba.

Su dai ba su gina ba. Babu wanda ya taɓa iya zuwa nan a gidansu.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni."

Kafin ta ce wani abu, daga can ƙasan kwarin ƙararrawar cocin wani ƙauye ta fara bugawa. Tsakar rana ta yi.

Surutun motar ya ɗauke. Mai jar hula ya sauko ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Tsohuwar ta tofar da ganyen bakinta, ta yi alamar gicciye.

"Sun iso," in ji ta.

Hawaye suka zubo wa Delma. Ta juyo ta fuskanci Limber.

"To ga Baba nan ya sauko, yana jin ka. Faɗi."

Limber ya durƙusa a gaban ɗan ɗakin.

"Ni ne a gaba. Motarsu tana bayana, tun daga saman dutse direban yake danna mini hon, yana haska mini fitila. Raina ya ɓaci. Na ce ba zan ba shi hanya ba, ya koyi haƙuri. Ba tsere muke ba, Allah ya sani, amma girman kai ne, kuma ba zan ce ya fi tseren kyau ba. Muna zuwa kwanar nan ya fito zai sha gabana, sai ga babbar mota ta ɓullo. Da na taka birki da wuri, da ya samu wurin komawa. Na taka, Delma... amma na makara."

Ta toshe bakinta da hannu.

"Na sauka ramin. Babanki na fara samu, da ransa. Na ɗora kansa a cinyata. Ya ce yana da 'ya mai gasa burodi kusa da tashar El Alto. Ya ce in neme ta, in ce mata kada ta ce don ya zo wajenta ne. Ya ce ziyarar ta yi masa daɗi."

Delma ta sauke hannunta daga bakinta. Shekara guda ke nan kullum da wannan take tashi: da bai zo ganina ba, da yana nan. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, har shi Limber ɗin.

Ta cakumi wuyan rigarsa.

"Shekara guda! Ina ɗauke da wannan dutsen a kaina, kai kuma kana yawo da saƙona a baki?"

"Na zo in faɗa. Ranar farko abin da ya kawo ni ke nan. Kika ɗago kika ce, 'Me za a ba ka?' sai na kasa. Na ce gobe. Goben ta zo na tarar ina son ki, daga nan kuma tsoro ya hana ni. Na san ranar da na faɗa, ranar zan rasa ki."

"Matsoraci."

"Haka ne."

"Matsoracin banza..."

Ta sake shi. Ta daɗe a tsaye tana kallon furannin nan. Mutumin da zai gudu ba ya gina ɗaki, ba ya canza fure. Ta san da haka, amma sanin bai hana zuciyarta zafi ba.

Ta kwance kwandon. Ta ciro tsanin burodin ta jingina shi da ɗan ɗakin, ta tsayar da mutumin burodin a gefensa.

"Baba, ni ce. Na makara, ka yi haƙuri, halina ne ka sani. Ga tsaninka, sauko nan. Sai mu ƙarasa gida tare."

Fasinjojin suka taya ta addu'a, har mai jar hula, wanda ya fi kowa ɗaga murya. Da aka gama ta mayar da kayanta cikin kwando, ta share fuska da bakin mayafi.

"Ban sauka ba," ta ce wa Limber, "amma kada ka ɗauka na yafe. Tashi ka ja mota. A hankali, Baba yana ciki."

Rana ta karkata sosai kafin su sauke sauran fasinja su tsaya a ƙofar gidan. A buɗe take, mutane na shiga suna fita. A tsakar gida ga teburin nan an lulluɓe da baƙin ƙyalle, an kafa masa rake a kusurwa huɗu, ga lemo, ga ayaba, ga kyandir, ga kaza mai yaji irin wadda Baba ke so, ga hotonsa. A tsakiya kuwa wuri ne fayau, babu komai.

Doña Casilda tana tsaye cikin baƙaƙen kaya, idanunta jawur. Grover yana zaune a gefe da faranti a cinya, ya riga ya gama shuka abin da zai shuka.

"Mama..."

"Rana ta raba ina tsaye a nan ni kaɗai kamar marar haihuwa. Ubanki ya zo, babu tsani, babu 'ya. Na kira wayarki har yatsana ya gaji. Kin san abin da na zauna ina tunani? Kin san sau nawa na shirya naki teburin a raina?"

"Na tare shi a hanya, Mama. A inda ya faɗi. Tare muka zo."

Sai idon Doña Casilda ya sauka a kan dogon da ke tsaye a bakin ƙofa da hula a hannu.

"Shi ne wannan?"

"Shi ne, Mama Casilda," Grover ya yi caraf. "Wanda na gaya miki."

"Fita mini daga gida."

Limber ya juya zai tafi. Delma ta riƙo hannun rigarsa, a gaban kowa.

"Addu'a ya zo yi wa Baba, Mama. In za ki kore shi, bismillah. Baba yana kallo."

A ranar nan ba a korar wanda ya zo addu'a. Ko maƙiyinka ne, ko mashayin unguwa ne, ya durƙusa ya yi wa mamacinka addu'a, kai kuma ka sallame shi da hannunka daga abin da ke kan tebur. Wanda ya kore shi, baƙon da ya sauko daga sama ya kora. Doña Casilda ta harari 'yarta harara mai tsawo, irin ta wadda aka kama da dokarta.

"Ya yi ya tafi."

Delma ta ɗora mutumin burodin a gurbinsa, ta jingina tsanin. Limber ya durƙusa. Ya yi addu'ar nan ta coci, "Ubanmu da ke Sama", matan da ke wurin suna amsawa ƙasa-ƙasa. Da ya kai ƙarshe bai tashi ba.

"Doña Casilda, ina da laifi a cikin abin da ya faru. Ba zan ɓoye miki ba."

Ya faɗa mata duka, yadda ya faɗa a kwanar, bai rage wa kansa komai ba.

"Kin ji da bakinsa," in ji Grover.

"Rufe mini baki, Grover. Kai ka ce mini ya gudu." Ba ta ko dube shi ba. Ta matso ta tsaya a kan Limber. "Ka ce ka sauka ramin?"

"Na sauka."

"'Yan sanda sun ce ko da suka je ya riga ya cika. Shekara guda ina ganin sa kwance cikin duwatsu shi kaɗai, yana kira babu mai amsawa." Ta sunkuyo kusa da fuskarsa. "Kada ka yi mini ƙarya don ka samu 'yata. Idan kana wurin, me ya ce?"

Limber ya kau da kai, kamar mai jin kunyar abin da zai faɗa.

"Hularsa ya tambaya. Ya ce in taimaka in nemo masa, sabuwa ce. Ya ce idan ya koma gida babu ita, Casilda za ta cinye shi ɗanye."

Wani sauti ya kuɓuce wa Doña Casilda, rabi dariya rabi kuka. Ta dafa bakin tebur.

"Tsohon banza... Ita ce ta uku a shekarar. Na ce masa idan ya ɓatar da wannan, ya kwana a waje." Hawaye suka wanke mata fuska. "Ka samo masa?"

"Na samo. Ta maƙale a wata ƙaya. Na karkaɗe na sa masa, ya taɓa ta da hannu, ya ce yawwa. Ina riƙe da shi har ya yi shiru. Bai mutu shi kaɗai ba, Mama."

Delma ta rungume uwarta ta baya, suka yi kukan da tun ranar jana'iza kowace ke ɓoye wa 'yar'uwarta. Grover ya ajiye farantinsa a hankali, ya ce bari ya je ya duba wani abu a shago. Babu wanda ya tuna masa cewa yau kasuwa a rufe take.

Da kukan ya lafa, Doña Casilda ta fyace hanci, ta ɗauki faranti. Mai addu'a akan ba shi ɗan biskit da lemo guda. Ita kuwa sai da ta tula burodi, ta ɗora cinyar kaza, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Tashi. Ban ce na yafe maka ba. Wannan tsakaninka da shi ne, kuma yana nan har gobe, sai ku daidaita."

"Na gode, Mama."

"Gobe za mu raka shi makabarta. Ga tebur, ga tukwane, ga dangin da ba sa iya tafiyar ƙasa. Motar taka tana cin kaya?"

"Tana ci."

"Ni zan zauna a gaba, in ga irin tuƙin da ake zagin ka a kansa."

Delma ta ɗago da sauri.

"Mama, kina nufin..."

"Ke kuma yi mini shiru, da sauran maganata da ke." Ta juya ga Limber, ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa. "Kana da uwa?"

"Tana El Alto."

"To idan an ɗaga tebur ka koma ka zo da ita, da wani babba a gidanku. Ba a neman 'yar mutane a tsaye a bakin ƙofa kamar mai talla."

Limber ya gyara riƙon farantin. Ya dubi Delma, ita ma ta dube shi, ido cike da hawaye, ta ɗan gyaɗa masa kai. Fushinta bai gama tafiya ba, amma ta san a gefensa take son ta ƙarasa shi.

"Za mu zo ranar Asabar, Mama," in ji shi. "Da sassafe za mu taso, kafin rana ta raba muna nan."

Doña Casilda ta gyara kyandir ɗin da ke gaban hoton mijinta.

"Ban sa muku lokaci ba, ɗan nan. Ku makara ma ba komai. Ni dai ku iso."